Waƙar da Na Karanta da Bakina

Jama'a, ku gafarce ni da shirun kwana huɗu. Na ga saƙonninku, da masu tambaya ko Jorrit ya fito da maganar aure, da masu cewa na cika jan rai. To, ya fito da ita. Sai dai duk wadda ta tanadi guɗa ta mayar da abarta ta ajiye, ba irin wannan labarin na kawo muku ba.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, sunana Nienke, shekaruna ashirin da bakwai, ina aiki a wani shagon tabarau a garin Zwolle. Jorrit saurayina ne, shekara uku ke nan. Injiniya ne a hukumar da ke kula da madatsun ruwa, kuma aikin ya shiga jininsa. Komai na rayuwa a wurinsa ɓaraka ce da za a auna, a sa mata rana, a toshe.

A watan Oktoba wata tsohuwa ta miƙo mini tabaranta in ɗaure mata ɗan sukurun da ya kwance. Aikin da nake yi ko ido a rufe. Ina riƙe da tabaran sai na ji ƙirjina ya ɗaure tamau, numfashi ya ƙi shiga, kunnuwana suka ɗauki ƙara. Na shige bayan shago na zauna a ƙasa tsakanin kwalaye ina jiran mutuwa. Ba ta zo ba. Washegari abin ya same ni a kan keke, bayan kwana biyu ya ritsa ni a cikin kanti. Dama tun bazara nake tashi da wani nauyi a zuciya ba gaira ba dalili, in yi kukana a banɗaki, in wanke fuska, in fito ina yi wa mutane murmushi.

Likitocinmu kuwa, ko ƙafarka ce ta guntule farasitamol za su ba ka, su ce ka dawo bayan sati biyu in ba ta tsiro ba. Saboda haka ranar da Dokta Veldhuis ta gama saurarona ta rubuta mini maganin ciwon damuwa na gaske, na san abin nawa ya kai inda ya kai.

"Ba zan ɓoye miki ba," ta ce, "makonnin farko fargabar za ta iya ƙaruwa kafin ta sauka. Jiki ne yake sabawa. Komai wuya kada ki daina sha da kanki. In abin ya fi ƙarfinki, ko kika ji wani mugun tunani, ki kira ni a ranar."

Na ce to. Ashe ban san abin da na amsa ba.

'Yar ƙwaya ce fara, ba ta kai girman wake ba, amma ta nuna mini iyakata. Rana ta biyu na tashi da tashin zuciya, ko ƙamshin man goge baki na ji sai cikina ya juya. Bakina ya bushe ƙayau. Zufa ta riƙa karyo mini ana tsakiyar sanyi, mutane na yawo da manyan riguna ni ina fifita da katalog. Muƙamuƙina ya riƙa ciwo saboda cije haƙora da nake yi ban sani ba. Ga wata hamma wadda ba ta barci ba ce, tun daga ciki take tasowa ta wangale mini baki ko ina tsakiyar magana da kwastoma. Hannuna ya kama rawa, in ɗauko sukuru ya suɓuce, sai ga ni ina rarrafe a ƙarƙashin tebur ina nemansa. Na ce wa mai shagon kofi ne ya yi mini yawa, alhali na bar shan kofi tun ranar farko. Fargaba kuwa ta ninku. Maganin faɗuwar gaba ya zama shi ke faɗar mini da gaba, wanda ya tsara abin haka ina son mu gamu.

Amma ban daina ba, wannan kam ku shaide ni. Na koyi cin busasshen burodi kafin in haɗiye ta. Na cika fulas da shayin citta, na cika aljihu da cingam. Lokacin hutun rana in zagaya bakin ruwa ina ƙirga numfashi kamar yadda likita ta koya mini. Kullum in rubuta a ɗan littafi yadda na wuni, ko da kalma biyu ce. Abu ɗaya na fi tsoro, ya fi amai, ya fi rawar hannu. Kada 'yan gidanmu su sani.

Za ku ce mene ne a ciki. To ba ku san Anti Riet ba. Ƙanwar Babana ce, shekara talatin tana shan magani irin nawa, shekara talatin kuma ba ta faɗi magana a gidanmu an ɗauke ta magana ba. In ta ce miya ta yi gishiri, Mama ta dubi Baba ta ɗaga gira. In ta yi fushi, ƙwayoyin ne. In ta yi dariya da yawa, ƙwayoyin ne. Ana sonta kuwa, ana kai mata fure, ana sa ta a kujera mai laushi. Magana ce kawai ba ta da ita. Da idona na taso ina kallon wannan.

Mama ita magani ɗaya ta sani a duniya. "Hau kekenki ki sha iska, ki zama kamar kowa." Kamar kowa a wurinta yana nufin Ilse, ƙanwata, wadda ta yi aure bara tana da shekara ashirin da huɗu. Tun daga ranar bikin ban sake shan shayi a gidanmu cikin kwanciyar hankali ba. Kullum maganar Mama ke nan: Jorrit yana da aiki, Jorrit ya sayi gida mai ɗaki uku, Jorrit ba zai yi ta jira ba, ɗakin nan na uku don wa kike tsammanin ya saya.

Shi kaɗai na faɗa wa, rana ta huɗu, da ya zo ya tarar da ni durƙushe a banɗaki. Ya ɗebo mini ruwa, ya sauya mini rigar matashi da ta jiƙe. Na riƙe hannunsa.

"Jorrit, don Allah kada kowa ya ji. Ko Mama, ko mamarka. Ka bari jikina ya saba, ni zan faɗa da bakina in na shirya."

"Ba abin kunya ba ne fa, Nien."

"Na sani. Amma nawa ne. Ka yi mini alkawari."

"Na yi," ya ce, ya sumbaci goshina.

Biyar ga Disamba, ranar da ake daren kyautuka a al'adar ƙasarmu, ta faɗo ranar Asabar, ranata ta goma sha ɗaya da fara magani. Bana ne karo na farko da gidanmu da gidansu suka haɗa daren kyautuka wuri ɗaya, kuma shawarar Mama ce. Tun Nuwamba aka yi ƙuri'a. Dokar ba ta canzawa: wanda ka ciro sunansa ka saya masa kyauta, ka ɓoye ta cikin wani abin da ka ƙera da hannunka, ka rubuta masa waƙar tsiya ba tare da sa hannu ba. Wanda aka ba kyautar shi zai miƙe ya karanta waƙar da bakinsa, daga farko har ƙarshe. Ana dariya, shi ma dole ya yi. Wanda ya ɓata rai shi ne bai san wasa ba.

Tun da hantsi saƙo ya fara shigowa.

Jorrit: Ƙarfe uku daidai fa. Mama ta ɗora faten wake.

Ni: Cikina ba daɗi yau. Ko in zo bayan an ci abinci?

Jorrit: Ki daure. Ba za ki yi da-na-sani ba.

Ya sa 'yar fuskar nan mai kashe ido ɗaya. Ban gama kallonta ba na Mama ya shigo.

Mama: Koriyar rigar nan za ki sa, ba baƙar ba. Ki ɗan shafa wani abu a fuska. Ki kuma gyara farcenki.

Farce. Mama da ba ta taɓa lura ina da yatsu ba. A nan ya kamata in gane, amma kaina yana cikin hazo, ba abin da nake lissafi sai yadda zan zauna kusa da ƙofar banɗaki.

Na sa koriyar rigar, ta ulu ce mai dogon wuya. Kafin in gama taje kai ta jiƙe a hammata. Na cire, na busar da ita da na'urar busar da gashi, na sa 'yar shimi biyu a ciki na mayar. Jan baki sai da na goge sau biyu saboda hannu ya kauce. Na ɗaura kyautar da na haɗa a bayan keke, na tafi cikin yayyafi.

Gerda, mamar Jorrit, ita ta buɗe ƙofa. Tun ranar farko ta hana ni kiranta da komai sai sunanta. Ta sumbace ni sau uku, sai ta riƙe kafaɗuna ta ɗan karkata kai.

"Ya jikin... ya sanyi, Nienke?"

"Lafiya lau."

"Na yi miki shayin citta."

Wa ya ce mata ina shan citta? Na haɗiye tambayar tare da yawu.

Falonsu mai ƙatuwar taga ne ba labule, duk mai wucewa yana ganin har cokalin da ke hannunka. An jera kujeru a da'ira, buhun kyautuka a tsakiya, abin da bai shiga buhu ba an rufe shi da zanen gado. Mu takwas ne: ni da Jorrit, Mama da Baba, Ilse wadda mijinta yana wurin aiki, Gerda da mijinta Wim, sai Oma, kakar Jorrit, mai shekara tamanin da takwas, wadda kunnenta ke jin abin da ya ga dama. Aka zuba faten wake mai kaurin da cokali ke tsayawa a ciki. Na ci cokali uku, ina jin kowanne yana neman hanyar dawowa. Ba wanda ya ce don me ban cinye ba. A gidan Gerda, inda barin abinci a kwano laifi ne.

Aka fara. Baba ya karanta tasa, an yi masa tsiyar minshari. Wim ya karanta wadda na rubuta masa, ta yadda yake kashe na'urar ɗumama gida ya ce kowa ya ƙara riga, ya yi dariya har da hawaye. Mama ta samu tata a kan gwangwanin biskit da take rufewa da zarar kowa ya ɗauki guda. Na ɗan saki jiki. Har na yi dariya ta gaske sau ɗaya, na ce a raina ashe zan iya.

"Saura Nienke," in ji Ilse, ta ɗaga wayarta ta saita ni.

Jorrit da Wim suka yaye zanen gadon. Wani dogon abu ne na kwali, ya kai tsawon hannu biyu, mai kai a mulmule, rabi fari rabi shuɗi, an shafe shi da fenti yana ƙyalli. Sai da na kalle shi na ɗan lokaci kafin ƙwaƙwalwata ta yarda da abin da idona ke gani. Ƙwayar magani ce, irin mai kwanso. An manna takarda a jikinta da sunana.

Na miƙe.

"Da ƙarfi, 'yata, Oma ta ji," in ji Mama.

Na fara.

"Nienke tamu mai gyaran tabarau,
Tana sa kowa ya ga duniya garau,
Ita kuwa bana ba ta ganin komai da kyau,
Ko kekenta sai an lallaɓa kafin ta hau.
Likita ta ba ta 'yar ƙwaya ta ɗau,
Kwana goma sha ɗaya ke nan yau."

Na tsaya. Na ɗaga kai na dubi da'irar, ina jiran in ga Mama ta dafe ƙirji, in ga Baba ya ajiye kofinsa. Ba wanda ya motsa. Fuska bakwai suna kallona da murmushi iri ɗaya, mai laushi, mai tausayi, irin wanda ake yi wa mara lafiya in ya iya shan kunu da kansa. Ba mamaki a fuskar kowa. A lokacin na gane ni kaɗai ce a ɗakin nake ɓoye abin da kowa ya sani.

"Ci gaba mana," in ji Wim. "Har ƙarshe ake yi."

Jama'a, na ci gaba. Wannan ne abin da har yau nake jin haushin kaina a kai. An raine ni a kan cewa ba a ɓata wa mutane taro.

"Ga hamma kamar mage ta ƙoshi,
Ga zufa ta jiƙa matashi,
Ga amai da safe, ga nishi,
Ka ce mata sannu ta ji haushi."

Aka yi dariya, ba mai ƙarfi ba, irin ta ƙarfafa gwiwa. Oma ta dafa kunne ta juya wurin Gerda.

"Amai da safe? Ciki ne da ita?"

"A'a, Mama, magani take sha."

"Na me?"

"Na damuwa," Gerda ta faɗa da ƙarfi yadda har mai wucewa da kare a waje zai ji.

"Damuwar me? Yarinya da aikinta?"

Ita kaɗai ce ba a faɗa wa ba, ita kaɗai kuma na ji ba na jin haushi. Na karanta baitin ƙarshe bakina a bushe, harshena yana mannewa a dasashi.

"Ga babbar ƙwaya nan, sa hannu ki laluba,
Abin da ke ciki ba ya faɗar da gaba,
Wanda ya same shi ba zai nemi likita ba,
Ba kuma za ki sake shan ƙaramar ba."

Suka tafa. Jorrit ya zare rabin kwalin. Cikinsa cike yake da garin katako da aka kwaɓa da maɗi, baƙi, mai danƙo, kamar yadda aka saba yi don a wahalar da wanda aka ba kyautar. Na naɗe hannun koriyar rigar na tura hannu har gwiwa. Zaƙin maɗin ya bugi hancina. Ilse tana ta ɗauka. Yatsuna suka taɓa wani ɗan akwati a cikin leda.

Da na ɗago, Jorrit yana durƙushe da gwiwa ɗaya a kan kafet. Ya karɓi akwatin, ya goge, ya buɗe. Zobe ne siriri mai ɗan farin dutse. Mai kyau ne, ba zan yi masa ƙarya ba.

"Nien, shekara uku ke nan. Na ga mai daɗi, yanzu na ga mara daɗi, ban kuma je ko'ina ba. Ki bari in kula da ke. Za ki aure ni?"

Na sha kwatanta wannan ranar a raina. Na ɗauka zan yi kuka, ko ƙafafuna su kasa ɗaukata. Na tsaya na lalubi zuciyata kamar yadda na lalubi garin katakon, ban taɓa komai ba. Ba murna, ba ƙauna, wayam. Sai na ji ta tana tasowa daga ciki. Na cije haƙora, na danne, na roƙi Allah. Ina, ba ta jin roƙo. Na wangale baki na yi hamma a fuskar mutumin da ke durƙushe a gabana, doguwa, har da hawaye.

Sai Mama ta yi 'yar dariya.

"Kun gani ko? Kamar yadda waƙar ta faɗa."

Suka fashe da dariya, har da Jorrit. Na ce ina zuwa, na fita.

Ban yi amai ba. Na tsaya a ɗan siririn zauren da ake rataye riguna, na jingina da bango, maɗi yana ɗiga daga yatsuna a kan tabarmar goge ƙafa. Na ja numfashi na ƙirga huɗu, na sake, na sake. Jorrit ya fito ya ja ƙofar falon, bai rufe duka ba.

"Kunya ce ta kama ki? Ba komai, kowa ya gane."

"Wa ka faɗa wa?"

"Nien..."

"Wa da wa?"

Ya sosa ƙeya. "Mamarki na fara kira. Uwa ce, tana da haƙƙin sani. Ita ta faɗa wa Babanki da Ilse. Ni kuma ba zan ɓoye wa iyayena ba, mu a gidanmu ba ma ɓoye-ɓoye."

"Yaushe?"

"Ranar da kika faɗa mini. Da yamma."

Ko kwana alkawarin bai yi ba. Na tuna duk wayar da Mama ta yi mini a satin, tana tambayata yanayin gari da murya mai taushi, ni kuma ina murna na iya ɓoyewa.

"Ka yi mini alkawari, Jorrit."

"Na yi, don ki kwantar da hankali. Ba ki ga yadda kike ba a ranar. Mutum a wannan halin ba shi ne zai yanke wa kansa shawara ba." Ya matso. "Duba fa, an faɗa, an yi dariya, ya wuce. Abin da aka yi wa dariya ya daina zama dodo. Taimakonki na yi."

"Ka sa na tsaya gaban uwata na karanta zufar matashina."

"Wasa ne. Babanki ma an yi masa na minshari."

"Baba bai roƙi kowa ya rufa masa asiri ba."

Har ga Allah bai gane ba. Da mugunta ce da abin ya zo mini da sauƙi, sai in tsane shi in huta. Amma kwana nawa ya yi a garejin babansa yana yanka kwali yana shafa fenti, yana jin shi ne gwarzon masoya.

"Baitin ƙarshen fa?" na ce. "Ba zan sake shan ƙaramar ba. Kai ne likitan?"

"Ba yanzu-yanzu ba. Mun yi magana da Mamarki, muna ganin zuwa Maris kin warware. In an yi biki a Yuni, kin ga jikinki ya washe kafin maganar yara."

Mun yi magana. Muna gani. An zauna an auna ni, an sa mini rana.

Ya miƙo akwatin. "Ki sa mu koma, Oma tana jiran hoto."

Zan faɗa muku gaskiya, don ba ku na saba yi wa ƙarya ba. Ban sani ba ko ina son Jorrit har yanzu. Ban sani ba ko maganin ne ya lulluɓe abin da nake ji, ko kuma dama ya daɗe da tafiya ciwon ne ya hana ni lura. Wannan sai nan gaba. Amma abin da ya yi mini ba na bukatar jiran komai kafin in san sunansa. Cin amana ne, ko da fenti aka shafe shi.

"A'a," na ce.

"A'a me?"

"Ba zan aure ka ba."

Muryata ba ta yi rawa ba. Abu na farko a jikina da bai yi rawa ba cikin kwana goma sha ɗaya. Na jira ya yi fushi. Na so ya yi fushi, ya ɗaga murya, ya ce na wulaƙanta shi a gaban iyayensa, ya ce in fita masa daga gida. Da ya yi haka da na san ya ji ni.

Sai ya yi murmushi. Ya shafa kafaɗata a hankali.

"Na karanta a takardar cikin kwalin maganin," ya ce. "Yana dusashe abin da mutum ke ji. Ba ke ba ce ke magana, Nien. Ban riƙe ki da komai ba."

"Ni ce."

"Na san haka kike ji."

Ta tsagar ƙofa na jiyo Mama ta sassauta murya tana yi wa Gerda bayani. "Kada ki sa a ranki, ba ta san abin da take faɗa ba. Sai an yi ta haƙuri da su." Da su. Har an sa ni a jam'i.

Jorrit ya mayar da akwatin aljihu ya ciro wayarsa. Na ɗauka wani zai kira. Kalandarsa ya buɗe, yana jan yatsa yana motsa leɓe.

"An ce sai ya yi kamar sati shida yake zama a jiki. Bari mu ba shi shidan cif daga yau."

Na zari rigar ruwana na sa a kan hannun da ke danƙo, na buɗe ƙofa. Baba ya leƙo daga falo, ya buɗe baki, ya dubi bayansa inda Mama take, ya rufe. Gari ya fara duhu duk da biyar ba ta yi ba. Na wuce ta gaban ƙatuwar tagar ina tura keke, ina ganinsu suna ganina. Gerda har da ɗaga mini hannu.

Na kai wata gada ke nan wayata ta yi ƙara. Na tsaya na ciro ta, maɗi ya ɓata gilashin. Gayyata ce daga kalandar Jorrit.

Sake tambayar Nienke. Asabar, sha shida ga Janairu, ƙarfe uku. Gidan Gerda da Wim. An gayyaci mutum bakwai, biyar sun amsa za su zo.

Na tsaya a cikin yayyafin, sai da na yi sau uku kafin na sami wurin. Na danna ba zan zo ba.

Kafin in mayar da wayar aljihu wata gayyatar ta shigo. Ashirin da uku ga Janairu. Wannan karon Mama ce ta turo, ta ƙara da 'yar magana a ƙasa: in ranar ba ta yi miki ba ki faɗa, 'yata, ra'ayinki muke bi.